Malam Edita, ga abin da na gani a makonnin farko na shan maganin ƙarancin natsuwa

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lahiya, ya aiki ya kuma zafi. Ni tela ne a nan Damagaram, shagona yana Zango, shekarata 39 kuma sama da shekara 20 ke nan ina kan keke. Ba ni da sabo da rubuta wa jarida, abin da ya sa na ɗauki salula nake wannan dogon rubutu shi ne wani malamin lakwal da ya zo awon kaftani satin da ya wuce, muna cikin hira ya ga ina shan magani da ruwa sai ya ce in nuna masa kwalin, da ya gani ya yi shiru, can ya ce ai shi ma an taɓa rubuta masa irinsa. Na ce to ya ka ji shi? Ya ce kwana shida ya sha, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, matarsa ta fara yi masa kallon ɗan ƙwaya, shi ke nan ya kwashe sauran ya zuba a masai kuma bai ƙara komawa wajen likitan ba, ko waya bai buga masa ba. Wallahi maganar ta tsaya min a rai har na kasa cigaba da awon na ɗan lokaci, don ni ma a dare na biyar saura ƙiris in yi abin da ya yi.

Ciwon da nake magana a kai masu Faransanci suna ce masa TDAH, masu Turanci kuma ADHD, mu dai a nan sunansa rawar kai, ko rashin ji, ko sakarci, ko a ce wane ba shi da alƙawari. Tun ina CE1, aji uku na firamare, mushe, wato malaminmu, yake gaya wa babana yaron nan kansa yana ja amma ba ya zama wuri ɗaya, na sha bulala har na gaji, a katriyam, aji uku na kwaleji, na bar lakwal aka kai ni wajen kawuna koyon ɗinki. Hannuna ya faɗa da wuri, wannan kowa ya shaida, amma sai in yanka shadda biyar a rana ɗaya in kasa ƙarasa ko guda, in ajiye almakashi yanzu-yanzu in yi minti ashirin ina nemansa, mutum yana gaya min yadda yake son wuyan rigarsa ina kallon bakinsa amma hankalina yana can wajen mai moto da ya wuce. Akwai shekarar da na haɗa awon mutum biyu na ɓata gezna ta jaka 60, sai da na sayar da tunkiyar matata na biya. Mutane suna cewa tela maƙaryaci ne, ni kuma Allah ya sani duk alƙawarin da na ɗauka da niyyar cikawa nake ɗauka, ranar ce kawai take tsiyaye min kamar ruwa a kwando. An yi min rubutu na sha, an yi min hayaƙi, Inna ta ce sammu ne, kuma ban ga laifinta ba, uwa ce tana neman mafita da abin da ta sani.

A Kano aka gano. Ina zuwa Kantin Kwari sayen yadi lokaci-lokaci, ɗan kawuna da nake sauka wajensa ma'aikacin jinya ne, shi ya daɗe yana lura da ni, ya ce Yaya don Allah ka bari in haɗa ka da likitan ƙwaƙwalwa. Na ji haushi da farko, na ce mahaukaci ka ɗauke ni? Daga baya na je. Likitan bai ba ni magani ranar ba, sau uku na koma, ya yi ta tambayata tun daga ƙuruciya har ya sa aka kira Inna a waya ya tambaye ta yadda nake ina yaro, don ya ce sai in alamun sun fara tun kafin shekara 12 ake kiransa wannan ciwon, ba kowane mai mantuwa ba ne, rashin barci ma ko damuwa ko ciwon maƙoƙo suna iya sa mutum ya kasa natsuwa. Ya ce cikin manya ɗari ana samun kamar biyu zuwa uku masu shi kuma yana bin jini, sai na tuna wani baffana da har ya rasu ana ce masa mai kai kamar iska. Ya auna tansiyona, wato awon hawan jini, 12 da 8, ya ƙirga bugun zuciya, ya ɗora ni a sikeli kilo 68, ya tambaya ko a danginmu akwai wanda ya taɓa faɗuwa ya mutu farat ɗaya yana matashi, ko ina da hawan ruwan ido da suke ce wa gilokoma, ko na taɓa farfaɗiya, ko ina shan tramol. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na gaya masa gaskiya na taɓa shan tramol sau biyu a daren sallah shekarun baya, bai zage ni ba, ya rubuta kawai.

Maganin sunansa metilfenidat, kwalin da aka ba ni an rubuta Ritalin, miligiram 10 kowace ƙwaya da tsaga a tsakiya. Da Inna ta ce kada turawa su yi gwaji da kai sai na bi diddiginsa, ashe ya girmi 'yancin Nijar ma, tun 1944 wani masanin haɗa magunguna Leandro Panizzon ya haɗa shi a birnin Basel na ƙasar Siwizalan, sunan ma daga na matarsa Rita ya samo shi. Kafin nan a 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya lura yaran da ya ba wani magani mai zaburar da jiki maimakon su ƙara rawar kai sai suka natsu a aji. Abin da na fahimta daga bayanin likita shi ne akwai wasu sinadarai biyu a ƙwaƙwalwa, dofamin da noradiranalin, su ke riƙe hankali a kan abu ɗaya, maganin yana hana a kwashe su da wuri. To amma noradiranalin ɗin nan shi ne kuma yake sa zuciya ta ƙara gudu, baki ya bushe, yunwa ta gudu idan mutum ya firgita, shi ya sa amfanin da wahalar suke shigowa ta ƙofa ɗaya. Ya ce in fara da rabin ƙwaya da safe, rabi bayan azahar, kuma kowace tana aiki kamar awa uku zuwa huɗu ne ta sake ni.

Ranar farko a watan Janairu ne, sanyi da hazo. Na sha rabin ƙarfe bakwai, na buɗe shago, kamar bayan minti arba'in sai na ji abin da ban taɓa ji ba, ka san yadda kasuwar Dole take ran Alhamis sannan ka dawo ka same ta bayan isha, to haka cikin kaina ya koma. Na ɗauki riga ɗaya na yanka, na haɗa, na sa hannu, na sa aljihu, na goge na rataye, ban tashi ko sau ɗaya ba. Na zauna ina kallonta hawaye suka zo min, yaron shagona ya ce maigida lahiya? na ce lahiya lau ci gaba da aikinka. Amma a ranar dai na fara ganin ɗaya fuskar. Mu teloli idan za mu zura zare sai mun lasa bakinsa, na kai zaren baki na ji babu yawu ko ɗigo, harshena kamar busasshen kilishi, kuma da na ɗaga allurar hannu don sa maɓalli sai na ga yatsuna suna ɗan karkarwa, kaɗan ne ƙwarai wani ba zai ma lura ba, amma ga mai neman kafar allura abu ne babba. Sau huɗu ina gwadawa kafin ya shiga. Da yamma kuma ciwon kai ya kama ni ta goshi.

Sai maganar abinci, ita ce ta fara kawo matsala a gida. Ƙarfe ɗaya aka aiko min da shinkafa da wake kamar kullum, na buɗe kwanon na ji ƙamshin amma cikina ko motsi, ba tashin zuciya ba ne, kawai dai kamar an kashe fitilar yunwa ne. Na ba yara. Washegari haka, jibi haka. Yaron da yake mayar da kwano ya je ya faɗa, uwargida ta tare ni da dare ta ce Malam, ko dai girkina ne ya daina yi maka daɗi, ko kuwa akwai inda ake kawo maka wani? Kuskurena ne babba a nan, ban gaya mata na fara shan magani ba, kunya ta hana ni, ina tsoron ta ji kalmar likitan ƙwaƙwalwa. Ka duba abin da take gani, miji ba ya cin abinci, ba ya barci, bakinsa a bushe, ga wata ƙwaya da yake ɓoyewa a aljihun kaftani, a garin da kowa ya san abin da tramol ya yi wa samarinmu, me kake so ta ɗauka? Ba ta yi laifi ba ko kaɗan. Matar malamin lakwal ɗin nan ma ba ta yi laifi ba.

Dare na biyar shi ne na ce saura ƙiris. Ranar aiki ya ɗauke min hankali na manta rabin azahar sai wajen ƙarfe biyar na tuna, na ce to bari in sha kada ta wuce ni. Bayan magariba na zauna fada wajen abokai kamar yadda muka saba, aka ɗora shayi, na sha na farko mai ɗacin nan, na sha na biyu na sha na uku, wani ya ɓare goro na karɓi ɓari. Ƙarfe sha ɗaya na kwanta, ido ƙyam. Sha biyu, ɗaya, biyu, ina jin zuciyata a kunne dum dum dum, na sa yatsa a wuya na ƙirga da agogon salula na samu 104 a minti alhali a asibiti 76 aka samu. Tafin hannuna ya yi sanyi, ga wata fargaba da ban san dalilinta ba. Na tashi na ɗauko kwalin na nufi bayan gida da niyyar in zubar, sai na tarar uwargida zaune a tsakar gida ashe ita ma ba ta yi barci ba tana saurarena. Ta miƙo hannu ta ce ba ni in gani. Na ba ta, na ba ta har da takardar likita, na zauna a tabarma na kwashe komai na gaya mata tun daga zuwana Kano. Ta daɗe ba ta ce komai ba sannan ta ce to wanda ya rubuta maka wannan takardar ba shi da lamba ne? Kai da idan keke ya fara tsallaken zare ba ka jefar da shi, mai gyara kake kira. Ta ajiye kwalin a cikin kwallarta ta ce sai gari ya waye.

Da safe na tura wa likita murya ta WhatsApp, kafin azahar ya kira. Tambayarsa ta farko ƙarfe nawa ka sha ta biyun, ta biyu kuma me ka sha bayanta. Da na lissafa masa ya ce Malam tela ai wuta ka ƙara wa wuta, shayi da goro da Nescafé duk kafeyin ne a ciki kuma shi ma mai zaburar da jiki ne kamar maganin. Bai ce in daina ba, bai kuma ce ba komai ba. Ya ce in je a auna min tansiyo ranar in turo masa, na je aka samu 13 da 8 bugu 84. Ya ce daga yau ƙwaya ta biyu kada ta wuce ƙarfe ɗaya da rabi, idan na manta har la'asar ta yi in bar ta kawai kuma kada in haɗa biyu gobe. Ya ce in ci abinci mai nauyi kafin ta safe tun yunwa tana nan, in riƙa shan ruwa ko ban ji ƙishi ba, shayi kuma kofi ɗaya na ƙarshen nan marar ƙarfi, shi ma da rana. Sannan ya ce in sayi kaye, wato littafin rubutu, in riƙa rubuta lokacin da na sha, abin da na ci, lokacin da barci ya ɗauke ni da yadda raina yake da yamma. Ni da ba na iya riƙe littafin awo, uwargida ce ta karɓi wannan aikin, ita ta yi lakwal har ta samu brebe, takardar gama kwaleji, kullum bayan isha sai ta zo da kaye da bik ta ce to Malam yau yaya.

Ita ta sake tsarin abincin gidan gaba ɗaya saboda ni. Da can da koko kawai nake fita, yanzu bayan asuba ɗumamen tuwo ne ko ƙosai da ƙwai biyu, sai na cinye take fiddo maganin daga kwalla. Da rana ta daina aiko shinkafa tunda ta ga asara ce, sai fura da nono a ƙaramin kwano don abin sha yana wucewa ko babu yunwa, da gyaɗa da dabino a leda ina tsinta ina aiki. Wajen ƙarfe takwas na dare yunwar takan dawo da ƙarfinta kamar ta biyo bashi, to a nan nake cin na gaske. Duk da haka a watan farko kilo uku na zube, daga 68 zuwa 65, har Inna ta kira ni ta ce ɗan nan me yake cinka. Ruwa kuma ka san halin Damagaram, wani lokaci famfo sai ya kwana biyu bai ce komai ba, sai na ware jarka ɗaya ƙarama ta shago da ba a taɓa ta don wanki ko alwala. Ciwon kan nan ashe rabinsa rashin ruwa ne da rashin ci, rabi kuma rage shayin da na yi farat ɗaya, cikin kwana goma ya tafi.

Abin da ya fi ci min rai ba barci ba ne ba kuma abinci ba, saukar maganin ne. Wajen ƙarfe biyar zuwa shida idan ta biyun ta sake ni sai hayaniyar kaina ta dawo gaba ɗaya har ta fi ta da, jikina ya mutu, raina ya ɓaci ba dalili, kuma daidai lokacin ne nake shiga gida yara su taso da gudu. Wata rana 'yata ta biyu, shekararta shida, ta zo tana nuna min allonta an rubuta mata sabuwar sura tana Baba duba Baba duba, na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba. Ta tsaya cak da allon a ƙirji, ba ta yi kuka ba, ta juya ta shige ɗaki. Har yau idan na tuna fuskarta a wannan lokacin sai in ji wani abu ya tokare min wuya. Na bi ta na ɗauke ta na ba ta haƙuri, amma an riga an yi. Da muka duba kayen sai muka ga duk ranar da aka rubuta rai a ɓace tsakanin biyar da shida ne, ba sauran lokaci ba. Likita ya ce sananne ne, saukar ce take zuwa da gangara mai tsayi, ya ɗan gyara min awon ta biyun, ni kuma na canza hanya, idan na rufe shago ba na shiga gida kai tsaye, sai in ci ɗan wani abu in taka a ƙasa zuwa masallaci in zauna har a yi magariba. Idan na shigo bayan nan ni ne dai baban da suka sani. Ya kuma gaya min akwai irin da ake sha sau ɗaya da safe yana sakin kansa a hankali har awa takwas zuwa sha biyu, irin su Concerta, saukarsa ta fi laushi ga wasu kuma shi ba a raba shi ba a tauna shi, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfina.

Sati na uku barci ya daidaita, karkarwar yatsu ta tafi, bayan wata guda aka kai ni ƙwaya ɗaya da safe sai wasu abubuwan suka ɗan leƙo na kwana uku suka koma. Bushewar baki ce ba ta bar ni ba har yau, na ajiye ɗan soso jiƙaƙƙe a marfin kwalba kusa da keke da shi nake jiƙa bakin zare.

Amma don Allah kada mai karatu ya ɗauka ina cewa duk abin da ka ji ka daure. Likitan ya ja min layi tun ranar farko, ya ce idan ka ji ciwon ƙirji, ko numfashi yana yanke maka, ko ka suma, ko zuciya tana tsalle tana tsallake bugu, kada ka sha ta gaba, ka tafi asibiti a lokacin. Haka idan ka fara jin muryoyi ko ganin abin da babu shi, ko zargin mutane suna ƙulla maka wani abu, ko ka kwana biyu ba barci kuma kana jin kai ne sarkin duniya, ko tunanin kashe kanka ya zo maka, ko yatsu suka koma fari ko shuɗi suna zafi, ko gaban namiji ya miƙe awanni da ciwo ya ƙi kwanciya, wannan kada kunya ta hana ka faɗa. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa tun kafin a rubuta mata. Kuma akwai waɗanda maganin nan ba ya karɓarsu sam, ba gazawarsu ba ce, akwai wani da ba ya cikin masu zaburarwa sunansa atomoksetin, shi sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa. Na nanata wannan ne saboda a wajenmu idan mutum ya fara jin muryoyi wajen masu ruƙiyya za a fara kai shi, babu wanda zai tuna ya ce yana shan wani magani, alhali da an faɗa da wuri an tsayar.

Azumin 2025 ya shigo farkon Maris, wata biyu da farawata, ga zafi ya fara ga ɗinkin sallah ya taru. Na tambayi likita na kuma tambayi malaminmu, muka tsaya a kan in sha ɗaya bayan na ci sahur sosai, in buɗe shago da an sallame asuba in yi yanka da duk aikin da yake son lissafi kafin ƙarfe tara, sauran yini aikin hannu da guga. Bayan buɗa baki ban sha ba don na riga na san abin da zai yi wa barcina. Ƙishin kwanakin farko ba wasa ba ne, na dinga shan ruwa kaɗan-kaɗan daga magariba har kwanciya. Wannan tsarina ne ni kaɗai, wani nasa zai bambanta. Kuma karon farko a rayuwata na iya cewa mutane a'a, na ƙirga abin da zan iya na rufe karɓar ɗinki ran goma ga azumi, kowa ya samu kayansa kafin jajibiri.

A goman ƙarshen nan ne wani abokin sana'a, mun tashi tare, ya shigo shagona ƙarfe ɗaya na dare ya ce aboki na ji kana da wata ƙwaya mai sa aiki, taimaka min da biyu in kai safe. Na ce wallahi ba zan ba ka ba. Ya ce rowa? Na ce ka san tansiyonka? ka san halin zuciyarka? ni sai da aka auna ni aka ƙirga min, kuma ni ba don in kwana a keke nake sha ba, da rana nake sha in yi barci da dare. Ya fita da fushi, kwana biyu ba ya gaishe ni. Na gane dalilin da ya sa mutane suke haɗa su da tramol, amma ba abu ɗaya ba ne, tramol maganin ciwo ne dangin ofiyom, wannan kuwa mai zaburarwa ne. Sai dai kada mu yaudari kanmu, shi ma idan aka sha ba bisa ƙa'ida ba yana kama mutum, shi ya sa yake cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa ido, a Faransa ma ba a rubuta wa mutum na fiye da kwana 28 a takarda ɗaya. Ni duk lokacin da zan tsallako iyaka da shi ta Kwangwalam da Ɗan Barto takardar likita tana cikin kwalin, kuma a gida har yau yana cikin kwallar uwargida inda hannun yara ba ya kaiwa.

Roƙona gare ku Malam Edita, kuna da shafin lahiya, kuna kawo maganar zazzaɓin cizon sauro da ciwon suga da hawan jini, don Allah ku nemo likitan ƙwaƙwalwa mai jin Hausa ya yi bayanin wannan, har da makonnin farko, ya yi shi yadda matar aure da uwa za su karanta su gane, don su ne suke ganin kwanon da ya dawo ba a taɓa ba. Likitocinmu kuma masu rubutawa, ku ce wa mutum ya zo da matarsa ko ɗan'uwansa ranar da za a ba shi, ku tambaye shi shayi nawa yake sha da goro nawa, ku ba shi lambar da zai kira, don wanda ya taso daga Mirriya ko Magarya ko Tanut ba zai sake biyan kuɗin mota don kawai ya ce ban yi barci ba, zubarwa zai yi ya yi shiru.

Malamin lakwal ɗin zai dawo karɓar kaftaninsa ran Asabar, na riga na gama shi yana rataye. Uwargida ta ce in tafi da kayenmu shago in nuna masa shafukan satin farko da na sati na huɗu ya gani da idonsa, kuma in ce masa idan ya yarda ita za ta je ta yi magana da matarsa.

Wassalam,
naku, wani tela daga Zango, Damagaram.